Ciwon da ya bi ɗakuna biyu

A gidanmu an daɗe ana ɗora laifin a kan kunun kanwa. Lokacin da Yaya, babbar ɗakinmu, ta haifi ɗanta na uku, tun ba a yi arba'in ba ƙafafunta suka kumbura, zobe ya ƙi fita daga yatsa, in ta kwanta numfashi ya tokare ta, ta koma kwana a zaune da filo a bayanta. Da fari cewa aka yi sanyin jego ne ya shige ta, a ƙara wa ruwan wanka wuta. Sai da ta fara tari da kumfa aka kwashe ta zuwa asibiti. Likita ya ce zuciyarta ce ta buɗe ta yi rauni, irin ciwon da yake kama mata a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Aka hana ta kanwa da gishiri, aka ɗora ta a kan magunguna, ruwan jikinta ya zube, ta tashi. Umma ta daina dama kunun kanwa a gidan ko ga masu lafiya, magana ta mutu a nan.

Wanda ya tayar da ita shi ne wanmu na ɗakin Inna, abokiyar zaman Umma, wanda muke kira Yaya namiji. Shekararsa 41, yana da shago a Kantin Kwari, ba shi da hawan jini, ba shi da suga, bai taɓa kusantar giya ba, kuma dai kowa ya san bai yi wankan jego ba. Mutumin da yake saɓa dilar atamfa ya hau bene da ita, sai ga shi yana tsayawa a tsakiyar matattakala yana haki. Ni aka ce in raka shi ganin likitan zuciya, wai ni ce malamar makaranta, ni zan gane turancin likitoci. Da aka yi masa eko, wato hoton zuciya irin na sikanin masu ciki, likitan ya nuna mana wani adadi a takarda. Ya ce duk bugu ɗaya, zuciya mai lafiya tana tura sama da rabin jinin da ke cikin babban ɗakinta na hagu, kashi 55 zuwa 70 cikin 100. Ta Yaya namiji 28 take turawa. Sai ya ajiye biro ya ce, “Malama, akwai wani a gidanku da aka taɓa ce wa zuciyarsa ta buɗe?”

Na ce akwai yayata, amma nata na jego ne. Ya ce, “Uwarsu ɗaya da wannan?” Na ce a'a, uba dai. Ya jawo farar takarda ya kwantar da ita a gicciye.

Daga nan aikin ya fara, kuma ba da na'ura ya fara ba. Zanen dangi ya yi: namiji murabba'i, mace da'ira, wanda ya rasu a ja masa layi a karkace, mai ciwon a cike shi da baƙi. Ya sa Baba a tsakiya, Umma a dama, Inna a hagu, ya jero mu 10 a ƙasa. Sai tambayoyi suka biyo baya, har kakanni. Me ya yi ajalin Baba, yana da shekara nawa? 'Yan uwansa nawa, su wa suka rasu da ƙuruciya? Akwai wanda ya faɗi farat ɗaya? Akwai macen da ta rasu a jego? Muka zauna muna kallon juna. Abin da muka sani game da Baba shi ne ya kumbura, an ce hanta ce, wasu sun ce ƙoda, ya rasu bai kai sittin ba. A wajenmu mutum ya cika da safe, kafin azahar an kai shi makwancinsa, ba a binciken gawa, ba a ajiye fayil. Sanadin mutuwar mutanenmu a bakin tsofaffin mata yake, in suka tafi ya tafi da su.

Don haka na nufi Gwaggo a cikin gari, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu Baba. Na same ta tana gyaran zogale a faranti. Da na faɗi abin da ya kawo ni ta ɗago ta ce, “Ke 'yar nan, tonon silili kika zo yi wa matattu?” Na ce, “Gwaggo, masu rai nake nema wa.” Ba ta tanka ba, ta ci gaba da tsinke ganye, ni ma na sa hannu. Sai da farantin ya kusa cika ta fara magana, ba tare da ta kalle ni ba. Baba, in ji ta, shekararsa ta ƙarshe a kujera ya yi ta, don in ya kwanta sai ya ce ana danne masa ƙirji. Baffa ƙarami ya faɗi ne a ƙofar masallaci bayan asuba, da ƙafarsa ya fita, aka dawo da shi a tabarma. Ƙanwarsu kuwa, wadda ni ban ma san da ita ba, haihuwar fari ta rasu, ana saura kwanaki a yi arba'in, jikinta duk a kumbure. “Ita ma kanwa aka ce,” in ji Gwaggo. “Amma duk unguwar nan wa bai sha kanwa ba?”

Na mayar wa likita da labarin, ya cike da'ira ɗaya da murabba'i biyu da baƙi a layin su Baba. Ko wanda bai je makaranta ba in ya kalli takardar zai ga inda abin ya biyo. Wannan kuwa ya yi amfanin da likitan bai san ya yi ba. Gida mai ɗakuna biyu ba ya rasa ƙananan maganganu. Lokacin ciwon Yaya an yi ta raɗe-raɗin wai jinin dangin Umma ne ba shi da ƙarfi, lokacin na Yaya namiji kuma har an fara zancen an yi masa hannu a kasuwa. Na shimfiɗa takardar a tsakar gida a gaban iyayen biyu, na nuna musu layin da ya sauko daga Baba ya rabu biyu. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Allah ya ji ƙan Malam.” Tun ranar ban sake jin zancen sammu ba.

Inda na sha wuya shi ne wajen raba wannan da sikila. Mutanen Kano yanzu sun san gwajin jini kafin aure, balle tun 2024 da gwamnatin jiha ta mayar da shi doka, har da na ƙanjamau da ciwon hanta. Duk wanda na yi wa bayani sai ya ce, “Ai mu AA ne.” To ba hanyarsu ɗaya ba. Kowace ƙwayar gado biyu-biyu muke ɗauke da ita, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A sikila sai duka biyun sun zo da matsala ciwo yake bayyana, shi ya sa ake duba ango da amarya tare. A irin namu, guda ɗaya ta isa. Uba ko uwa mai ɗauke da ita, kowane ɗa da ya haifa rabi da rabi ne, ko ya ɗauko mai matsalar ko ya ɗauko lafiyayyar, mace da namiji duk ɗaya, kuma kowace haihuwa lissafinta daban. Ba ruwansa da wa aka aura. Wata 'yar'uwarmu ta so ta ɗora abin a kan auren zumunci, na ce mata auren zumunci yana da nasa laifin a wasu cututtukan, amma a nan Umma da Inna babu wadda ta haɗa kaka da Baba.

Mataki na biyu shi ne duk wanda Baba ya haifa a yi masa ECG da eko, ko yana jin ciwo ko ba ya ji. ECG ba komai ba ne, 'yan wayoyi ne a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, kafin ka gyara kwanciya an gama. Eko ne ya tsaya mini a rai. Na roƙi a bar nas mace a ɗakin, aka bar ta, aka ba ni zane na rufa. Aka ce in kwanta a gefen hagu in sa hannu a ƙarƙashin kai. Man da ake shafawa sanyi ƙalau, ga na'urar sanyaya ɗaki, sai da tsigar jikina ta tashi. Ya danna kan na'urar tsakanin haƙarƙarina har na ji zafi, ya ce in fitar da numfashi in riƙe. A allon na ga wani abu toka-toka yana tsukewa yana saki, da wasu 'yan fatu biyu suna buɗewa suna rufewa. Can ya murɗa wani maɓalli, ɗakin ya cika da ƙara, fuu-tak, fuu-tak, ja da shuɗi suna walƙiya a allon. Na haifi 'ya'ya biyu, na ji bugun zuciyarsu a awo, amma tawa ban taɓa ji a lasifika ba. Ya ja layi daga bango zuwa bango, ya rubuta lambobi, ya ce 60. Na ce alhamdu lillahi, na fara neman mayafina. Ya ce, “Na yau ke nan, Malama. Irin wannan ciwon yakan yi shekaru bai nuna ba. Hoto yana faɗin inda zuciya take yau ne kawai.”

A cikinmu mutum ɗaya hoton ya kama, ƙanenmu mai shekara 33 da ke buga ƙwallo duk yamma ba ya jin ko ɗar. Nasa 46 ne, ɗakin zuciyar ya fara faɗi. Nan take aka fara ba shi magani. In da za a tambaye ni ribar duk wannan zirga-zirgar, shi zan nuna.

Sai aka zo kan gwajin ƙwayar gado. Ni na ɗauka kowa zai miƙa hannu a ɗebi jini. Likita ya ce a'a, da mai ciwon ake farawa, wanda nasa ya fi bayyana, a duba masa ƙwayoyi da dama da aka san suna taɓa naman zuciya. In an samo takamaiman wurin da matsalar take, sauran dangi wurin nan kaɗai za a duba musu, ya fi sauƙi kuma ya fi araha. Ƙasar waje za a aika jinin, kuɗin kuma da dala ake lissafa shi. Muka yi karo-karo, mai shago ya ba da nasa, mai albashi ya ba da nasa, Inna ta kwance bakin zane ta kawo abin da ba mu zata ba.

Kafin a ɗebi jinin sai da ya zaunar da mu ya faɗa mana abin da zai iya dawowa. Ko a samu, ko a rasa, kuma rashin samu ba ya nufin ba gado ba ne, don a yawancin masu irin wannan ciwon gwajin ba ya kama komai. Ko kuma a samu wani canji da ba a tabbatar ko shi ne mai laifi ba. Wannan na ukun, in ji shi, ya fi faruwa da mu baƙar fata, domin rumbunan bayanan da ake kwatantawa da su yawancinsu daga jinin Turawa aka tara su, alhali mutanen Afirka sun fi kowa bambancin ƙwayoyin gado. A 2016 ma an gano a Amurka cewa an taɓa gaya wa wasu baƙaƙen fata suna ɗauke da ƙwayar ciwon kaurin zuciya, ashe canjin da aka gani a jininsu abu ne gama-gari a tsakanin 'yan asalin Afirka, ba ya cutarwa. Ya ce in irin wannan sakamakon ya zo, ba za a gwada kowa da shi ba, hoto za a ci gaba da yi. Yaya namiji ya sa hannu a takardar amincewa, aka cika 'yar kwalba, aka naɗe ta.

Makonni suka shuɗe. Sakamakon ya zo shafi uku, abin da ke da amfani a ciki layi biyu ne. An samu matsalar a ƙwayar da ake kira TTN, wadda take ba da umarnin ƙera wani furotin mai suna taitin. Shi ne furotin mafi girma a jikin ɗan Adam, yana miƙe a cikin kowane zaren naman zuciya, aikinsa kamar na danƙon gwafa, a ja shi ya miƙe, a sake shi ya koma. A jikin Yaya namiji, ɗaya daga cikin umarnin biyu ya yanke a hanya, sai furotin ɗin ya fito guntu. Zuciya tana iya lallaɓawa da rabin mai kyau shekara da shekaru, har ranar da wani nauyi ya hau ta. Tun 2012 masu bincike suka nuna cewa irin wannan yankewar tana bayan kusan kashi 25 cikin 100 na buɗewar zuciya mai bin dangi, babu wata ƙwaya da ta kai ta. A 2016 kuma aka duba matan da zuciyarsu ta buɗe a jego, aka samu kusan kashi 15 cikin 100 suna ɗauke da irin wannan yankewar, akasari a TTN ɗin. Nauyin da ya hau Yaya ciki ne. Ga wasu giya ce, ga wasu maganin ciwon daji.

A nan zan ɗan ja birki, kada wata ta karanta ta ce duk maijegon da ta kumbura gado ne. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da ciwon zuciyar jego ya fi yawa a duniya, kusan haihuwa ɗaya cikin 100 a wasu asibitocinmu, inda a Amurka ake maganar ɗaya cikin dubbai. Likitocin da suka yi aiki a Zariya a shekarun 1970 sun ɗora shi a kan wankan jego da kwanciya a gadon wuta da kunun kanwa. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitoci da dama na ƙasar nan bai samu al'adun da wannan nauyin ba, ya fi nuna rama da talauci da hawan jinin masu ciki, da kuma ƙarancin sinadarin siliniyam a jiki. Kanwa dai gishiri ce, tana tara ruwa, zuciyar da ta riga ta raunana ba ta son ta, don haka hanin da aka yi wa Yaya daidai ne. Amma gidan da aka ga maijego ta kumbura, aka kuma ga namiji ya kumbura, ko wani ya faɗi babu ciwo, wannan gidan takarda da biro yake buƙata kafin komai.

Da aka san wurin da za a duba, sai layi ya zo kanmu. Likita ya ce ba dole, kowa baligi ne, wanda ya ga ba zai iya ɗaukar sani ba ya tsaya a hoto. Umma ce ta fi tayar da hankali, saboda autarmu an sa mata rana. “So kuke a yi mana tambari a gari,” in ji ta, “a ce gidan masu ciwon zuciya? Wa zai ƙara neman aure a nan?” Ban ga laifinta ba, na san garinmu. Autar ce da kanta ta ce, “Umma, gara in sani kafin in ɗauki ciki da a zo ana neman mota da tsakar dare.” Nata ya fito babu. Likita ya ce ta tafi, ba ta buƙatar hoto duk shekara, 'ya'yanta ma ba za su gada daga gare ta ba. Mu bakwai muka yi gwajin bayan Yaya namiji, uku suka fita haka. Wannan ɓangaren mutane ba sa tuna shi in ana zancen gwajin gado, cewa yana sallamar mutum kamar yadda yake riƙe shi.

Ni yana jikina. Yaya ma, da ƙanen nan mai ƙwallo, da wata ƙanwarmu ta ɗakin Inna.

Na karɓi takardar na sa a jaka, na hau adaidaita, har muka wuce Ɗangi ban san mun wuce ba. Bayanin da likita ya yi mini sai da dare ya dawo mini daki-daki. Ɗaukar ƙwayar ba shi ne ciwon ba. Akwai masu ɗauke da ita har tsufa zuciyarsu ba ta buɗe ba, kuma ta fi saurin bayyana a maza. In ma ta bayyana, irin ta TTN tana cikin masu jin magani. Abin da ke kaina shi ne hoto a kai a kai, kula da hawan jini, rage gishiri da dunƙulen miya, kuma duk ranar da na ji haki ko bugun zuciya ya rikice kada in tsaya kemis. Yarana ya ce kada a yi gaggawar ɗibar jininsu, irin wannan ba kasafai yake taɓa ƙananan yara ba, in sun tasa a fara da hoto.

Zancen haihuwa ne ya fi nauyi, don muna da niyyar ƙari. Baban yara ya bi ni asibiti ya ji da kunnensa. Ya ce, “Likita, a taƙaice, ta ƙara ko ta bari?” Likita ya ce shawarar tamu ce, bai hana ni ba tunda zuciyata lafiya take kuma na haihu sau biyu ba abin da ya faru, amma da sharaɗi: eko kafin ciki, eko a cikin ciki, eko bayan haihuwa har watanni, haihuwa a babban asibiti, jego kuma ba kanwa. Yaya kuwa maganarta daban. Tata ta farfaɗo ta haura 50, har ta fara cewa ta warke za ta ajiye ƙwayoyi. Ya ce kul. An gwada haka a Landan, aka wallafa a 2019: masu irin ciwon da zuciyarsu ta dawo daidai aka janye musu magani a hankali, kusan huɗu cikin goma ciwon ya dawo musu cikin wata shida. Ya kuma gargaɗe ta cewa wasu magungunan nata, irin su lisinopril, suna illata jariri a ciki, don haka ko tunanin ciki kada ta yi sai sun zauna da ita da mijinta.

Biyu daga cikinmu sun ƙi gwajin jinin. Ɗaya ya ce ranar mutuwa ɗaya ce, sani ba zai ƙara masa ko awa ba, sai dai ya hana shi barci. Na yi masa musu har muka ɗaga murya, daga baya na bar shi, don ya yarda da hoton, kuma hoton shi ne mai kama ciwon in ya taso. Ɗayan yana Legas, na tura masa takardun ta WhatsApp, ya turo mini “Allah ya sawwaƙe” da alamar hannu biyu, na sake turawa.

Yanzu saura 'ya'yan Baffa, wanda ya faɗi a ƙofar masallaci. Su shida ne, mata huɗu, biyu ma suna goyo. Na yi niyyar kiransu ɗaya bayan ɗaya, Gwaggo ta ce in rufa wa kaina asiri, irin wannan magana ba a yin ta a waya, kuma ba daga bakin yarinya ba. Ta ce in yi mata kwafin zanen da manyan layuka yadda idonta zai gani, in rubuta sunayen da ajami, akwai suna a gidan babbarsu a Kurna mako mai zuwa, ita za ta tara su a ɗaki bayan baƙi sun watse.